Gyaran gida a karkara: matakan rage zafi, hayaƙi da kuɗin mai

Da zarar an yi kaka, an sayar da riɗi ko shinkafa, kuɗi ya ɗan shigo hannu, abu na farko da magidanci yake tunani a ƙauyukanmu na Kano da Jigawa shi ne gyaran gida. Yawanci kuma gyaran hanya ɗaya yake bi: a rushe soron ƙasa, a ɗora bulo, a buga kwano, sai kuɗi ya ƙare kafin a kai ga silin. Bazara na shigowa ɗakin ya gagari shiga, yara su koma kwanan tsakar gida, maigida ya fara lissafin janareto da fanka. An kashe kuɗi mai yawa an sayi zafi, kuma za a ci gaba da biyan kuɗin wannan zafin shekara da shekaru.

Wannan jagora na mai shirin gyaran gidansa ne, da kuma 'yan kwamitin makaranta, masallaci ko asibitin ƙauye. Abin da nake so a riƙe shi ne tsarin da ake bi wajen gyaran. A fara da ruwa, a koma rufi, sannan iska da inuwa, sai murhu, sola ta zo daga ƙarshe. In aka juya wannan tsari, kuɗin zai tafi, zafin yana nan.

Maganar ba tamu ce mu kaɗai ba. A ƙasashen Tarayyar Turai gine-gine ne ke cin kusan kashi 40 cikin 100 na makamashi, shi ya sa a 2020 suka fito da shirin gyara gine-gine miliyan 35 kafin 2030. Su sanyi suke gudu, mu zafi. A nan gida, Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine a 2017, aka sa hannu kan dokar sauyin yanayi a 2021, kuma a shekarar ta 2021 shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ya yi alƙawari a taron sauyin yanayi na duniya a birnin Gilasgo cewa Nijeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda ake shanyewa nan da 2060. Amma mutumin Gaya ko Kafin Hausa, abin da ya fi jin sa a jika shi ne cire tallafin mai a watan Mayun 2023, da yadda ɗaurin itace ke ƙara tsada daji na ƙara nisa.

Mataki na farko: duba gidan kafin ka taɓa shi

Kar ka kira magini tukuna. Ka ɗauki kwana biyu ko uku kana lura da gidan. Shiga kowane ɗaki da hantsi, da azahar, da bayan isha'i. Ɗora tafin hannunka a bangon yamma bayan magariba: in ka ji shi da ɗumi, wannan bangon ne ke dafa masu kwana a ciki har tsakar dare. Ɗaga kai ka dubi ƙarƙashin kwano, ka ga inda tsatsa ta ci da inda haske ke leƙowa ta ramin ƙusa. Ƙwanƙwasa azara ko katako da sanda, in ya yi ƙarar holoƙo to gara ta riga ka. Duba gindin bango daga waje, inda ƙasa ta zaizaye ko gishiri ya fito fari-fari.

Ka tambayi uwargida da sauran matan gidan, domin su ne ke wuni a ciki. Su suka san ɗakin da yaro ba ya iya barcin rana a cikinsa, da inda hayaƙi ke taruwa, da kwana nawa ɗaurin itace ke yi. Rubuta abin da ake kashewa a mako kan itace ko gawayi, man janareto, batirin tocila da cajin waya. Wannan takardar ita za ta nuna maka bayan shekara ko gyaran ya biya kuɗinsa. In da hali a sayi ɗan ma'aunin zafi na bango, ba shi da tsada, a riƙa rubuta abin da ya nuna da ƙarfe uku na rana da tara na dare.

Lokacin aiki kuwa daga bayan kaka ne zuwa ƙarshen Afrilu. Kara da buntu suna nan a wadace, ƙasa na bushewa da wuri, kuma a gama kafin iskar farkon damina.

Mataki na biyu: raba gini da ruwa

Ginin ƙasa ba tsufa ke kashe shi ba, ruwa ne. Duk wanda ya ga yadda gidaje suka riƙa zubewa a Jigawa a ambaliyar 2022 ya san daga ƙasa suke fara ci. A yi wa gindin bango dakali kewaye, da dutse ko bulo da siminti, tsayinsa ya kai ƙafa ɗaya zuwa biyu, a karkata shi yadda ruwa zai gangara waje. A share magudanar gida har ta fita titi. Indararo ya zama dogo, ya zubar da ruwa nesa da bango, a sa dutse inda ruwan ke faɗa. A ƙasarmu hadari daga gabas yake tasowa, saboda haka bangon gabas shi ne ke shan dukan ruwa, shi ya fi buƙatar yaɓe mai kyau. Magabata suna yi masa makuba daga ɓawon ɗorawa, masu hali kuma su yi laso da katsin marina. In akwai tsohon maginin da ya iya a garinku, a neme shi, a kuma sa yaro ya koya.

A kula da shafa siminti kai tsaye a kan bangon ƙasa. Su biyun ba sa riƙe juna sosai. In siminti ya tsage, ruwa ya shiga bayansa ba ya samun hanyar fita, bangon ya riƙa ruɓewa a ɓoye har ranar da filastar za ta ɓalle gaba ɗaya.

Ga mai tunanin rushe bangon ƙasa mai lafiya don kawai a ce ya yi na bulo, ina roƙonsa ya sake tunani. Bangon tubali mai kauri yana shanye zafin rana ya riƙe shi sa'o'i da yawa kafin ya isa ciki. Bulo mai inci shida, rami ne a cikinsa, kafin la'asar zafi ya ratsa shi. Wanda ya taɓa shiga zauren Gidan Makama a Kano da tsakar rana ya ji bambancin a jikinsa. Ga kuma batun hayaƙi: sarrafa siminti kaɗai na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon, mai ɗumama yanayi, da duniya ke fitarwa. Bangon da ka bari a tsaye, buhunan simintin da ba ka saya ba ne.

Mataki na uku: rufi

Nan ne aikin yake, nan kuma ya kamata mafi yawan kuɗin ya tafi. Muna kusa da tsakiyar duniya, Kano na kan digiri 12 ne a arewa, rana a bisa kai take wucewa. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a inuwa, shi kuwa kwanon da ke fuskantar rana ya fi haka nesa ba kusa ba. Ɗakin da ba silin, wannan zafin kai tsaye yake sauka a kan mutane, kamar an kifa musu tanda.

Akwai hanyoyi uku, kuma ana iya haɗa su.

Ta farko, ga mai rufin soro da ya gaji da yoyo da hawa yaɓe duk shekara: kar a kware soron. A gyara azarar da ta lalace, sannan a ɗora kwano a samansa a bar tazarar ƙafa biyu ko fiye a tsakani, gefe a buɗe iska na ratsawa. Kwano ya tare ruwa da rana, soro ya riƙe sanyi. Wannan dabarar ce Faransis Kere, ɗan Burkina Faso, ya yi amfani da ita a makarantar firamaren ƙauyensu Gando da aka kammala a 2001, silin na ƙasa da kwano a ɗage a samansa, kuma a 2022 ya karɓi lambar yabo mafi girma ta masu zanen gine-gine a duniya. Sai dai rufin da iska ke shiga ƙarƙashinsa, iska na iya ɗauke shi. A ɗaure katako da rodi ko waya mai kauri da aka binne cikin bango, kar a dogara da ƙusa kaɗai. A nan ba a yin rowa.

Ta biyu, ga mai kwano tsirara: a sa silin. Ko na katako mai laushi, ko na roba, ko asabari da zana mai kyau in kuɗi bai kai ba. Amma silin kaɗai rabin aiki ne. Iskar da ke tsakanin silin da kwano tana yin zafi ƙwarai, dole a ba ta hanyar fita. A bar ƙofar iska a kusurwar bango ta sama a ɓangarori biyu masu fuskantar juna, a rufe da ragar waya saboda jemagu da tsuntsaye. Sannan a shimfiɗa abin da zai tare zafi a kan silin. Mutanen Kura, Bunkure, Garun Malam, Haɗeja da Auyo suna da shi a ƙofar gida: buntun shinkafa da ake tarawa tsibi-tsibi a bakin injin casa, wani lokaci ma a cinna masa wuta. A samu busasshe, a gauraya da ɗan toka ko farar ƙasa saboda ƙwari, a zuba a buhuna a daddanne su kwance, kaurin ya kai kamar faɗin tafin hannu, a jera su ba tare da barin gibi ba. Kafin a ɗora, kafinta ya ƙara katakon riƙo don kar silin ya lotsa. Wayar wuta kuma a zura ta cikin bututun roba, a bi da ita gefe, kar a binne ta cikin buntu, kuma kar a bar haɗin waya a buɗe a can sama. In rufin na yoyo a fara toshe shi, domin jiƙaƙƙen buntu nauyi ne da ruɓa.

In tsohon silin ɗin na asbesto ne, irin farin allon nan da aka sa a makarantu da asibitoci shekarun baya, kar a fasa shi, kar a yanka da zarto. Ƙurarsa na haddasa cutar huhu da daji bayan shekaru. In yana da lafiya a shafa masa fenti a bar shi. In ya zama dole a cire, a jiƙa shi da ruwa, a rufe hanci da baki, a sauke shi ɗungurungum, a binne, kar a bar yara su yi wasa da gutsattsarinsa.

Ta uku ita ce fari. Farin rufi na mayar da hasken rana sama, baƙi ko mai tsatsa na shanye shi. Birnin Ahmadabad na Indiya ya fara shirin farar da rufin gidajen talakawa a 2017, kuma irin wannan aiki kan rage zafin ɗaki da digiri 2 zuwa 5. A kankare tsatsa da burushin waya, a shafa jan fentin nan mai hana tsatsa, sannan farin fentin mai, a shafa hannu biyu. Kar a shafa farar ƙasa a kan kwano, tana cin sa. Ita a bango da rufin siminti take aiki. Mai sayen sabon kwano kuma ya bar shuɗi mai duhu da ruwan ƙasa komai kyansu a ido, ya ɗauki fari ko mai haske. Ƙurar hunturu na dusashe farin, sai a wanke shi kafin bazara.

Ana cikin aikin rufi, a tsawaita bakinsa ya fito ƙafa biyu daga bango. Yana ba bangon inuwa, yana kuma kare shi daga ruwa.

Mataki na huɗu: iska da inuwa

Taga ɗaya ba ta shigo da iska, sai tana da 'yar'uwa a bangon da ke fuskantarta. In sirrin gida ya hana buɗe taga ta waje, a huda ƙananan kafofi can sama kusa da silin, inda ba mai leƙowa. Iska mai zafi sama take tashi, ta nan za ta fice. Duk taga a sa mata raga saboda sauro. Manyan tagogi su kalli kudu ko arewa, na yamma su zama ƙanana. Ƙa'idar 2017 ta ce kada tagogi su wuce kashi 20 cikin 100 na faɗin bango sai an yi musu inuwa, abin da magininmu na gargajiya ya daɗe yana yi. A bazara a rufe tagogi da hantsi, a buɗe su duka bayan magariba, bango ya sha sanyin dare.

Iska a ɗaki maganar rai ce. Sanƙarau a lokacin zafi da ƙura yake yaɗuwa, ya fi kuma kama inda mutane suka cunkushe a ɗakin da ba iska. Annobar 1996 ta kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, mafi yawansu a Arewa. Makarantun allo da na kwana su fi kowa kula da wannan, tare da rigakafi.

Bangon yamma a yi masa rumfa ta zana ko kara a bana, a kuma dasa darbejiya ko mangwaro da zai gaje ta. A bar taku shida zuwa takwas tsakanin bishiya da bango saboda saiwa. A kewaye dashen da ƙaya, in ba haka ba awaki sun gama da shi kafin sati.

Mataki na biyar: murhu

A gidan karkara, makamashin da aka fi ci ba lantarki ba ne, itace ne. Murhun duwatsu uku kuwa, abin da ke isa tukunya daga zafin wutarsa bai fi kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba, sauran iska ce ke kwashewa. Hayaƙin kuma a ƙirjin mai girki da goyon da ke bayanta yake sauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida na kashe mutum kusan miliyan 3 a shekara. Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar girki mai tsafta a 2024, amma kafin tukunyar gas ta kai kowane ƙauye, akwai abin da za a yi da yumɓu.

A kwaɓa yumɓu da yashi da ɗan buntu ko kashin jaki, a bar shi ya kwana biyu. A gina murhu kewaye da tukunyar da aka fi girki da ita, ita ce ma'auni. Tukunya ta nutse a ciki har kusan wuyanta, a bar tazarar yatsa ɗaya tsakaninta da bangon murhu don wuta ta lashi gefenta. Ƙofar itace ɗaya tak, daidai shigar itace biyu ko uku, kuma a ɗora su kan ɗan dutse ko ƙarfe don iska ta shiga ta ƙasa. A bar shi ya bushe a inuwa kamar mako guda, a lilliƙe tsagar da ta fito, sannan a fara da ƙaramar wuta. Wanda zai gina shi ya zauna da mai girkin tun farko: tsayin da take so, da ko murhun zai jure tuƙin tuwo. Murhun da aka gina ba da shawararta ba, za ka dawo ka tarar ta koma kan duwatsunta, kuma da gaskiyarta.

Madafa ta samu kafar hayaƙi a sama. Itace ya bushe sosai, a faskara shi ƙanana, a rufe tukunya, a jiƙa wake tun dare. Da hunturu kuma kar a shiga da gawayi ɗaki a rufe ƙofa. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci. Haka ma janareto, a waje yake zama, nesa da taga.

Mataki na shida: fitila, fanka da sola

Sai yanzu aka zo kan sola, domin ɗakin da ya yi sanyi ƙaramar fanka ta ishe shi. A canja duk tsohon ƙwan fitila mai wat 60 da na zamani mai wat 9, haskensu kusan ɗaya. Sannan a yi lissafi kafin a je kasuwa. Ana ninka wat da awa ne: ƙwai 4 masu wat 9 na awa 5 sun ci wat-awa 180. Fanka mai wat 60 ta awa 8 ta ci 480. Cajin wayoyi a sa 40. Jimla wat-awa 700 ke nan a yini. A ƙasarmu faifan sola na samun rana mai ƙarfi ta awa 5 zuwa 6, don haka faifai mai wat 250 zuwa 300 zai ɗauki wannan har da rarar asarar waya da batir. Fankar da ke aiki kai tsaye da batir ta fi wannan tsimi. A kafa faifan yana kallon kudu, a ɗan karkace kamar digiri 12 zuwa 15, inda inuwar bishiya ba ta kaiwa. Da hunturu a riƙa goge shi da tsumma mai laushi duk bayan kwana biyu ko uku. Batir a ajiye shi inda ya fi sanyi kuma iska ke shiga, zafi na rage masa kwana. Duk litar fetur da ba a ƙona ba, an hana kilo 2.3 na iskar kabon tashi, kuɗinta kuma ya zauna a aljihu.

Ga 'yan kwamitin makaranta da asibiti

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake gyaran gine-ginen gwamnati a ƙauyuka. A zo a shafa fenti, a canja kwano, a kafa allo, a tafi. Ajin da yara 70 ke zaune a ƙasa ba silin, da ƙarfe goma sha ɗaya malam ya fito da su gindin bishiya. Ɗakin haihuwa kuma ana haska shi da tocilar waya. Kano na da ƙananan hukumomi 44, Jigawa 27, kowace na fitar da kwangilar gyara. Da za a sa sharuɗɗa kaɗan a takardar kwangila, da an ga canji ba tare da ƙarin kuɗi mai yawa ba.

Kwamitin kula da makaranta da kwamitin ci gaban mazaɓa suna da bakin magana, su yi amfani da shi tun kafin a ba da aikin. Su rubuta takarda zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma ta hannun kansila, da sa hannun dagaci, kwafi zuwa hukumar ilimin bai-ɗaya ko ta lafiya matakin farko ta jiha. A cikinta a nemi silin mai abin tare zafi da ƙofofin iska, kwano fari da aka ɗaure da rodi, tagogi masu fuskantar juna da raga, baranda a ɓangaren yamma, da bishiyoyin da ɗan kwangila zai shayar har damina ta sauka. Ga asibiti, sola ta fara da firjin rigakafi da ɗakin haihuwa, a kuma rubuta wanda zai sayi sabon batir in wannan ya mutu, da sunan ofishin da za a kira in ta lalace. A nemi a ɗauki magina da kafintocin garin, domin su za su gyara in wani abu ya taso. Sannan a roƙi kada a biya kason ƙarshe na kuɗin sai 'yan kwamiti sun shiga ginin da ƙarfe biyu na rana da ma'aunin zafi a hannu, sun gwada da na ajin da ba a gyara ba, sun rubuta lambobin biyu a takardar karɓar aiki.